Darasin Kiwon Lafiya: Koyon Faɗuwa Daga Keke

A yawancin ƙauyukan da muke aiki, keke shi ne motar gida. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai masara kasuwa, ake ɗebo ruwa, ake kai marar lafiya asibiti, yara kuma su tafi makaranta. Muna koya wa yaranmu hawa, muna riƙe musu sirdi har su iya. Amma da wuya a sami wanda ya zaunar da ɗansa ya koya masa yadda ake faɗuwa. Alhali kuwa duk wanda ya daɗe yana hawan keke ya taɓa shan ƙasa, kuma zai sake.

Mutum biyu sukan faɗi a wuri ɗaya, a kan yashi ɗaya. Ɗaya ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ci gaba, ɗayan kuwa ya karye a wuyan hannu. Idan a farkon damina ne, hannun zai yi mako shida ko fiye bai riƙe fartanya ba, noman shekarar ya tafi ke nan, kuma iyali duka za su ji a jikinsu. Sau da yawa abin da ya bambanta su shi ne yadda jikin kowannensu ya sadu da ƙasa. Wannan kuwa abu ne da ake iya koyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma idan aka duba yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka. Ita kuwa faɗuwar da ake yi a hanyar gona, inda ba mota ba ɗan sanda, yawanci ba ta shiga littafin kowa.

Rabin sakan kawai muke da shi

Kan mutumin da ke bisa keke yana da nisan kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Daga wannan tsayi, rabin sakan ya isa ya kai ƙasa. Ba lokacin tunani. Abin da jiki ya saba yi shi zai yi, kuma abin da jikin kowa ya saba tun yana jariri shi ne miƙe hannu a tokare ƙasa.

Bari mu duba abin da ke faruwa. Tafin hannu ƙarami ne, ga shi an ɗora masa nauyin jiki duka haɗe da gudun keke. Idan gwiwar hannu a miƙe take, hannun ya zama kamar taɓarya, ƙarfin bugun ba shi da wurin zuwa sai ƙashi. Zai karya wuyan hannu, ko gwiwar hannu, ko ya haura ya karya siririn ƙashin nan da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Wannan ƙashi yana cikin waɗanda masu keke suka fi karyawa a ko'ina cikin duniya. Yakan karye kuma idan mutum ya sauka da tsinin kafaɗarsa ya tsaya cak bai mirgina ba.

Duk wanda ya taɓa kallon ginin ƙasa ya san maganin. Idan aka jefa wa magini tubali yana bisa katanga, ba ya sandare hannu. Yakan cafe ya ɗan bi tubalin da hannunsa, sai nauyin ya mutu a hankali. Haka ma yaron da ya diro daga bishiyar mangwaro yakan lanƙwashe gwiwa. Bugun da aka raba wa sassan jiki da yawa, aka kuma ja lokacinsa, ba ya ɓarna kamar wanda ya taru wuri ɗaya nan take.

Gudu ma yana da nasa lissafi. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu yakan ninka huɗu. Wanda ya yi karo da bango yana gudun kilomita 20 a awa, kamar ya faɗo ne daga tsayin mita ɗaya da rabi. A gudun kilomita 40 kuwa, wanda keke mai kaya ke kaiwa cikin sauƙi a gangare irin na ƙasar Filato, kamar ya faɗo ne daga tsayin da ya wuce mita 6, wato saman gidan bene. Saboda haka ko ɗan rage gudu kaɗan kafin a faɗi riba ce babba.

Abin da muke so jiki ya saba

Na farko, haɓa ta manne a ƙirji. Wannan yana hana ƙeya ko goshi dukan ƙasa, yana kuma lanƙwasa baya ya zama kamar baka. Na biyu, gwiwar hannu a lanƙwashe kusa da jiki. Na uku, a sauka a kan nama: gefen cinya, ɗuwawu, bayan kafaɗa. Daga nan a bar jiki ya mirgina har gudun ya ƙare da kansa. Kada a yi ƙoƙarin miƙewa tsaye alhali jiki bai gama tafiya ba, don nan ne ake sake kifawa.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. A wasan kokawar Japan da ake kira judo, wanda wani malami mai suna Jigoro Kano ya kafa a 1882 (sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba shi da dangi a Kanon Dabo), abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne faɗuwa, tun kafin a koya masa kayar da wani. Sojojin laima ma ana koya musu su sauka da ƙafafu a haɗe, su kwanta ta gefen ƙwauri, cinya, ƙugu, har gefen baya. Wanda ya fi kusa da mu shi ne mai tsaron gida a filin ƙwallo. Ku lura da shi, yana faɗuwa sau da yawa a wasa ɗaya a kan busasshiyar ƙasa, amma da gefen jiki yake sauka, ba ya tokarewa da tafin hannu.

Faɗuwa iri-iri ce

Wadda ta fi muni ita ce a wuntsila ta saman kan keke. Tana faruwa idan tayar gaba ta tsaya farat ɗaya: ta faɗa rami, ta daki dutse, akuya ko kare ya gitta, sanda ta shiga sifok, ko mai hawa ya damƙe birkin gaba da ƙarfi saboda firgita. Keke ya tsaya, mutum bai tsaya ba. A nan sai a saki keken. A sunkuyar da kai, a kawo hannu ɗaya gaba a lanƙwashe kamar ana rungumar tulu, a juya kai gefe, a bar jiki ya bi ta wannan hannu zuwa bayan kafaɗa, ya ratsa baya a karkace zuwa ƙugun ɗaya gefen. Wannan ba alkafura ba ce irin ta yara, wadda ake kafa kai a ƙasa. Kai da wuya ba sa ɗaukar nauyi ko kaɗan.

Game da birki, akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Birkin gaba shi ne ya fi ƙarfin tsayar da keke, don haka ba a daina amfani da shi. Ana matsa shi ne a hankali tare da na baya, mutum yana tura jikinsa baya a kan sirdi, hannuwa a dafe. Tsofaffin kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix masu birkin ƙarfe ba su cika kamawa da zafi ba, kuma idan ruwan sama ya jiƙa ƙarfen tayar, sai a matsa a ji kamar ba birki. Kekuna masu giya da ake shigowa da su na hannu kuwa, yatsa biyu sun isa su ƙame taya. Wanda ya saba da tsohon keke ya ari sabo, ya damƙa yadda ya saba, sai ya tsinci kansa a gaban keken. Bugu da ƙari, a Ingila hannun dama ne birkin gaba, a Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa hannun hagu ne, kuma kekuna daga duk wuraren nan suna cikin kasuwanninmu. Kafin ku hau keken da ba naku ba, ku tura shi a ƙasa ku matsa kowane birki ku ga tayar da yake kamawa.

Ta biyu ita ce zamewa gefe, kuma ita muka fi gani. Yashi a kwana, tsakuwar da ruwa ya zubo a bakin kwalta, taɓon damina, ko man da ya zuba a titi. Taya ta sulale, keke ya kwanta. A wannan kam shawararmu ita ce a ci gaba da riƙe kan keken. Idan hannuwa na riƙe da shi ba za su miƙe su tokare ƙasa ba, kuma ƙarshen ƙarfen da feda su ne za su fara shan bugun. A matse gwiwar hannu a jiki, a ɗage kai daga ƙasa, a sauka da cinya da gefen jiki. Za a kuje, babu shakka. Amma kujewa takan warke cikin mako ɗaya ko biyu, karaya kuwa sai a yi watanni. A cikin yashi mai zurfi kada a murɗa kan keke da sauri, kada kuma a taɓa birkin gaba. A miƙe sosai ana taka feda, in ya gagara a sauka a tura.

Ta uku ita ce faɗuwar mai kaya, wadda mutane suke rainawa domin ba gudu a cikinta. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Wanda ya ɗaura huɗu ya ɗauki kilo 100, ya fi nauyinsa shi kansa. Idan irin wannan keke ya fara karkata, a hawan tudu ko wajen tsayawa, ƙafa ɗaya ba za ta tare shi ba. Masu ƙoƙarin ceton kaya su ne kan ƙare da keke a kan ƙwauri ko idon sawu. A bar kayan su faɗi, a janye ƙafa, a fice ta ɗaya gefen. Buhu idan ya fashe ana kwashewa. Yana da kyau kuma a ɗaura kaya ƙasa-ƙasa, a raba nauyin gefe biyu daidai, maimakon a tula shi sama a kan kariya.

Idan mota ko babur ne ya bugi mutum, dabarar mirginawa ba ta yin wani abin kirki, gaskiya ke nan. Abin da ya rage shi ne a kare kai da hannuwa biyu, in kuma ana iya motsi a bar tsakiyar titi da sauri saboda motar da ke biye. Kariyar gaske a nan tana gaban haɗarin ne: a bi hannun dama tare da motoci yadda dokar Nijeriya take tun 1972, a sa fitila da abin ƙyalli idan dare ya yi, a kuma guji shiga gefen babbar mota lokacin da za ta sha kwana, domin direban ba ya ganin mai keke a wurin.

Yadda za mu gwada

Karanta wannan takarda ba zai sa jiki ya iya ba. Sai an maimaita har ya zama jiki. A sami wuri mai laushi, yashin rafi ko tsohuwar katifa, a tsince duwatsu da ƙaya da fasassun kwalabe. Ba a bukatar keke a farko.

A fara daga tsugune. A rungume hannuwa a ƙirji, haɓa a ƙasa, a kwanta gefe a mirgina, dama sau goma, hagu sau goma. Kowa yana da gefen da ya fi masa sauƙi, ɗayan gefen ne ke bukatar aiki. Bayan haka a durƙusa da gwiwa ɗaya a gwada mirginawa ta kafaɗa a hankali, wani yana tsaye yana lura ko kai ya taɓa ƙasa. In ya taɓa, a koma baya a sake. Sai wanda ya ƙware a durƙushe zai gwada daga tsaye, daga baya kuma yana tafiya. Minti goma a mako na 'yan watanni ya fi yini guda cur sau ɗaya. Yara sukan ɗauke shi wasa, kuma sun fi manya saurin kamawa. Tsofaffi, mata masu ciki, da duk mai ciwon baya ko wuya kada su yi wannan gwaji. Su tsaya a kan gyaran birki da rage gudu.

Hular kwano

Mun san abin da za a ce: tsada, zafi, da dariyar mutane. A watan Janairu na 2009, da aka tilasta wa masu babur sa hular kwano a Nijeriya, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza, haka ma hula da rawani da ɗankwali. Abin da ke aiki a hular keke shi ne farin soso mai tauri da ke cikinta, wanda ke murƙushewa ya shanye bugun. A 2016 masana a wata jami'a ta ƙasar Ostareliya sun haɗa sakamakon bincike 40 da ya shafi masu keke fiye da 64,000. Sun samu cewa hular tana rage haɗarin raunin kai da kusan rabi, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Sai dai a san iyakarta. A Turai ana gwada hular keke ne da faɗuwa daga kimanin mita ɗaya da rabi, wato irin faɗuwar da muka yi bayani a sama. Ba a yi ta don karo da tirela ba. Ta zauna daidai a ka, yatsa biyu sama da gira, igiyarta a ɗaure ƙarƙashin haɓa. Wadda ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. Idan ta taɓa shan bugu mai ƙarfi aikinta ya ƙare ko da ba a ga tsaga ba, don haka a duba ta hannu da kyau kafin a saya. Idan hula ɗaya gida zai iya saya, a ganinmu a ba wanda ke bin kwalta kullum.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa cin kuɗi. A ɗaure ƙafar wando da robar tsohuwar taya, a tattare zani da babbar riga kada sarƙa ta kama. Takalmi mai rufi ya fi silifa. Yaron da aka goya a kariya, ƙafarsa takan shiga sifok ta yi mummunan rauni a diddige, saboda haka a yi masa wurin taka ƙafa, a kuma rufe gefen tayar da katako ko kwali mai kauri. Idan robar da ke ƙarshen kan keke ta cire, a toshe bakin ƙarfen, domin shi ne ke soke ciki idan an faɗa a kansa.

Bayan an faɗi

Abin da muka saba shi ne a ruga a ɗaga mutum a ce masa sannu, a miƙar da shi tsaye. A dakata. A tare hanya tukuna, a yi masa magana yana kwance. Idan ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko hannu ko ƙafa sun mutu, ko yana jin kamar ana tsira masa allura, kada a zaunar da shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa yadda yake, a nemi ƙofa ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su ɗora shi a miƙe kai da jiki tare. Irin wannan majiyyaci ba a ɗora shi a babur. A kan manyan hanyoyi ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, ko lambar gaggawa 112.

Wanda kansa ya bugu, a sa masa ido kwana biyu ko da ya tashi yana dariya. Jini yakan taru a cikin kai a hankali, mutum ya yi awoyi garau sannan ya faɗi. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ke da wuyar tashi, ruɗewa, farfaɗiya, jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, kowanne ɗaya daga cikinsu ya isa a tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, a kai shi a duba. Kada ya kwana shi kaɗai, kada ya sake hawa keke ranar. Haka kuma yaron da kan keke ya doka a ciki. A waje ɗan zagayen tabo kawai za a gani, amma saifa ko hanta ko hanji na iya fashewa. In ciki ya ci gaba da ciwo, ko yana amai, ko jikinsa ya yi sanyi yana gumi, a hanzarta.

Kujewa kuwa a wanke ta da ruwa mai tsabta da yawa har ƙasa da tsakuwa su fita, a wanke gefenta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba man birki, baƙin mai, toka, ƙasa ko kashin shanu. Ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora, wato tetanus, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama. Wanda bai taɓa yin allurar rigakafinta ba, ko ya wuce shekara 5 da yi kuma raunin ya yi datti, ya je wurin ma'aikacin lafiya.

Ba kowane kumburi ne targaɗe ba. Akwai ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa wanda kan karye idan an tokare ƙasa. Ciwonsa kamar na targaɗe ne, wani lokaci ma hoton farko ba ya nuna shi, kuma idan aka bar shi yakan ƙi haɗewa ya raunana hannun har abada. Idan wurin na zafi in an danna, a sa likita ya gani. Mun san da yawa cikinmu wurin mai ɗori za su fara zuwa, don ya fi kusa kuma ya fi araha. To, a lura da abu ɗaya: ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini, kuma a asibitocin ƙasar nan an yanke hannuwa da ƙafafu da yawa, musamman na yara, saboda haka. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka mutu, ko zafin ya tsananta, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a ranar. Karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ta shafi gaɓa, na asibiti ne tun farko.

Don tattaunawa a rukuni

A waɗanne wurare ne aka fi faɗuwa a hanyoyin garinmu, kuma wanne ne za mu iya gyarawa da aikin gayya? Idan wani ya ji rauni a wuya yau, da me za mu ɗauke shi, motar wa za mu kira, kuma wane asibiti mafi kusa ne ke ɗaukar hoton ƙashi?

A taro na gaba kowa ya zo da kekensa. Za mu gayyaci mai gyara ya duba robar birki da sarƙa da tayoyi, matasa kuma su zo da katifa ɗaya da tabarma biyu don gwajin mirginawa.